Muryar Inna ta Hita Gida

Litinin, 14 ga Oktoba 2024

Latifa tac ce in riƙa rubuta abin da ke cina cikin waya, wai ya hi in riƙa yi ma mutane hwaɗa. To ga shi, da ita zan hwara. Ɗiyar da munka kai Yamai karatun ordinatar, wato kwamhuta, ta dawo ba aiki, sai tonon kayan matattu. Ta buɗe akwatin Inna, Allah jiƙanta, ta kwashe kaset ɗin da wana Manzo yaɗ ɗauka tun muna ƙauye. Waƙoƙin bori. Muryar Inna da gogen marigayi Baushe. Ta juye su cikin wata tsohuwar ordinatar, ta aje ta ƙarƙashin gadona, wai ɗakina ya hi sanyi. Ni ba a tambaye ni ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ashe ba ajiya ba ce. So take Manzo shi ji su daga Kumasi. Nac ce ki tura mishi ta WhatsApp mana. Wai sun yi yawa, gara su zamna gida, mai so shi shigo ta intanet shi ji. Shi shigo ina? Wai cikin ordinatar. Wadda ke ƙarƙashin gadona!

Nac ce, ke, ni da nike zuwa karatun mata kowace Asabar, ki sa duniya ta san uwata goɗiyar iskoki ce? Tac ce, "Mama, wa ab bai sani ba a Filinge?" Sanin ciki daban, a sa a lasihika daban. Rashin kunya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Abin ya ƙi. Alhamdu lillahi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Har yau ya ƙi. In tana cikin gida waƙa na hitowa a wayarta, in ta taka bakin titi shiru. Yini take tana zarya, ciki waje, ciki waje, awa kaza mai neman wurin ƙwai. Ta ce ta buɗe ƙohwa cikin akwatin rezo, mai kawo intanet gida, amma kamfanin waya bai ba gidanmu lamba tashi shi kaɗai ba, unguwa guda lamba guda, baƙo in ya zo bai san gidan da za shi ba. Nac ce kamfanin ya hi ki hankali. Ba ta ci tuwo ba. Na aje mata dai.

Talata, 22 ga Oktoba

Ta ci nasara, kaico. Wai ta yi hayar wata na'ura can ƙasar Turawa, tamu ta miƙa mata hannu, baƙi su bi ta can su hwaɗo nan. Ban gane ba, ban son in gane. Manzo ya kira yana kuka, ƙato da hurhura. "Habsa, na ji Inna! Na ji tarinta ma!" Nac ce to sannu.

Na tambayi yarinyar ko akwai makulli. Tac ce kawu bai iya kod, wato lambar sirri, ba, mantawa shike, ta bar shi haka, ai ba wanda yas san hanyar sai shi. Ita ba ta san Manzo ba. Mutumin da ko mafarki yay yi sai ya gaya ma tasha.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ya tura ma ƙungiyar Kurhwayawan Kumasi. Na hwaɗa!

Abin nan yini shike yana huci ƙarƙashina, hitila kore na ƙibtawa. Latifa tac ce kowane ƙibtawa wani na saurare. Ina sallar la'asar ina ganinta ta wutsiyar ido. Wa ke nan? Daga ina? Da alwala ko babu?

Lahadi, 27 ga Oktoba

Dole in rubuta wagga.

Yau kasuwa. Iya Hasiya, ƙanwar Inna, ta taho daga ƙauye da busasshiyar kuɓewa. Ita har yau tana cikin abin, ba ta bari ba. Na zamna wurinta muna gaisawa, sai wanga mai zuba ma mutane waƙoƙi cikin waya, na bakin rumhwar masu gishiri, yas saki kiɗa cikin babbar lasihika. Goge. Na gane shi tun kan Inna ta buɗe baki. Ya kewayo ke nan, daga gadona zuwa Kumasi zuwa kasuwar garinmu.

Kuma ba kowace waƙa yas saki ba. Kiran Doguwa. Iskar da ke kan Iya.

Na ga idonta ya juya. Nac ce Iya, Iya, toshe kunne. Ina! Ta hwaɗi cikin kuɓewarta, tsohuwa mai jikoki, kallabi ya tahi, zane ya kwance. Ba a share wuri ba, ba turare, ba mai riƙo, ba mai gogen da zai sallami wadda anka kira. Shi wawan bai ma san mi yay yi ba, ya ƙare wagga ya sa waƙar Indiya. Samari sunka kewaye mu da wayoyi sama. Guda yana dariya, "Tsohuwa ta kama rezo!" Wallahi da hannuna ba cike shike ba, da ya sha mari.

Na tuɓe mayahina na ruhe ta. Na riƙe ƙugunta ta baya, na sa baki ga kunnenta, na hwaɗi abin da aka hwaɗi. Ban san yana nan cikin kaina ba. Ta daɗe kan ta yi atishawa ta dawo. Matan karatunmu biyu na tsaye wurin masu albasa. Sun gani. Su gani.

Ina isowa gida na tuge wayar abin daga bango. Latifa tac ce, "Mama, za ki lalata..." Nac ce kin tuɓe kakarki tsakar kasuwa, ke da kawunki. 

Litinin, 28 ga Oktoba

Iya na kwance ɗakina, gwiwa ta kumbura. Latifa ke gasa mata. Ba na yi ma yarinyar magana.

Laraba, 30 ga Oktoba

Tsohuwar nan za ta kashe ni. Ni ina hushi dominta, ita ta kira Latifa tana ce mata kishiya, "Ke mai satar murya, mayar da abin nan in ji yayata." Nac ce Iya, bayan abin da yas same ki? Tac ce, "Wanda yas same ni rashin ladabi ne, ba yayata Tanne ba. Waƙa duk da mazauninta. Akwai ta daka, akwai ta biki, akwai wadda in ka kira sai ka tanadi wurin saukar baƙo."

Latifa ta durƙusa tana ba da haƙuri. Wai wanda ya riga ya hita ba ya dawowa, yana wayoyin mutane. Amma za ta cire na kira duka daga na'urar, sauran ta sa kod, kuma ba mai samu sai na yarda. Nac ce Manzo shi ne na ƙarshe. Shi jira.

Na je wurin mai lasihika. Ya goge a gabana. Bai so ba, amma rumhwa ta cika.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ban je karatu ba, ciwon kai. Suna tsakar gida su biyu suna rarraba waƙoƙi, wagga ta hita, wagga ta zamna. Iya kunne ya yi nauyi, rabi ba ta ji, yarinya kuwa duk sunayen ta rubuta su a karkace. Ni tsintar wake nike, ba ruwana. Sai dai ba a barin kuskure. Na gyara musu guda, na gyara ta biyu.

Akwai ta daka wadda kaset ya cinye tsakiyarta, Inna na cikin baiti sai ƙuuu. Iya ta manta sauran. Na ƙarasa musu, don dai su bar ni in huta.

Na ga Latifa ta matso da waya kusa da bakina. Na ci gaba da tsintar wakena.