Koren Kwanon Yaya Nuhu

Zuwa ga Alhaji, mai gidan aikin kafinta a unguwar Yelwa, Garwa, da duk masu aiki tare da shi.

Assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji da iyali, ina gaida ma'aikata manya da ƙanana. Ni ce Hadiza, ƙanwar Nuhu mai goge katako. Na zo har ƙofar wurin aikinku don in yi magana, amma da na ga mutane sai bakina ya mutu, na gaishe ku kawai na juya. Shi ya sa na rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi min haƙuri. Na so kowa ya karanta saboda a gaban kowa abin ya faru.

Na farko, godiya. Wurare da yawa sun ƙi ɗaukar Yaya saboda ba ya kallon mutum a ido, gaisuwarsa kuma gajera ce. Alhaji ne ya ɗauke shi. Tun daga lokacin yake dawowa gida da garin katako a gashinsa, yana ta murmushi. Inna ba ta sallame sallah ba ta yi wa Alhaji addu'a ba.

Na biyu, abin da ya faru. Alhaji ya saba sa a kawo abincin rana a faranti ɗaya, Musulmi da Kirista kowa ya sa hannu. Al'ada ce mai kyau. Yaya yakan koma bayan katakai da koren kwanonsa ya ci shi kaɗai. Ranar Alhamis da ta wuce, Baba Matiyu, babban kafintanku, Kirista ɗan garin Mokolo, ya ɗebo tsokar kifi da hannunsa ya sa masa a kwano don ya girmama shi. Yaya ya ajiye kwanon, ya tashi yana kaɗa hannuwa, bai ƙara ci ba. Aka ce ƙyama ce, wai ba ya cin abin hannun Kirista. Alhaji ya ce ya zauna gida sai ya koyi zama da mutane.

Na uku, abin da ba ku sani ba. Likita a asibiti ya ce Yaya yana da wata lalura da ake kira otizim, haka aka haife shi. Ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne. Idan miya ta taɓa tuwo kafin shi ya haɗa su, ba ya iya haɗiyewa. Idan hannun wani ya shiga abincinsa, cikinsa ya rufe ke nan. Inna da ta haife shi, ko ita ba ta sa hannu a koren kwanon nan. Ni na taɓa gwadawa ina ƙarama, ya wuni bai ci komai ba. To idan ƙyama ce, mu ya fara yi wa.

Baba Matiyu, na san ranka ya ɓaci, kuma kana da gaskiya, don ba ka sani ba. Amma a gidanmu babu sunan da muke ji kamar naka. Kullum maganar Yaya ita ce, Baba Matiyu ya ce a bi jijiyar katako, Baba Matiyu ya ce kada a yi gaggawa. Guntun fensirin da ka ba shi yana bayan kunnensa har wajen cin abinci, kamar yadda kake sa naka.

Roƙona ga Alhaji shi ne a mayar da Yaya bakin aikinsa. A bar shi ya zauna a tabarma ɗaya da kowa, amma da kwanonsa. Duk mai son ya ba shi wani abu, ya ajiye a gefe a kan murfi, ya gaya masa, shi zai ɗauka da kansa. Idan kuma ya yi abin da ba a gane ba, a tambaye mu kafin a yanke hukunci. Yaya ba ya iya kare kansa da baki.

Bai fahimci cewa an dakatar da shi ba. Kullum da safe yana yin wanka, ya sa rigar aiki, ya zauna a zaure da kwanonsa a cinya, yana tambayata ko Alhaji ya ce a zo. Ina ce masa tukuna. Ina roƙon Alhaji ya ba ni wata amsar da zan kai masa.

Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya da buɗi, Ya tsare hannuwanku daga zarto, Ya bar ku a kan faranti ɗaya.

Wassalam.

'Yarku,
Hadiza, ƙanwar Nuhu.