Shafin Geron Kawu Bawa

Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023
Malam Abdurra'uf, mai koya muna HTML, rubutun gina shafin intanet, ta waya daga Sakkwato, ya ba da aikin ƙarshe: kowa ya yi wa ɗan kasuwa guda shafin talla. Hoton kaya, inda suke, lambar waya. Ukun da sunka fi zai kai su kamfanin talla. Mu arba'in ne. Ni da firamare da waya mai tsagaggen gilashi.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Ba sabis. Na aje babur na hau tudu da layin Nijar. Alama guda na mance ban rufe ba, rubutun duka ya kumbura. Awa biyu ina nemanta.

Lahadi, 12 ga Nuwamba
Na tahi Gatawa na ɗauki hoton rumbunan Kawu Bawa. Huɗu, cike da gero. Bai sani ba, so nike ya sha mamaki.

Laraba, 15 ga Nuwamba
Ya yi! Hoto sama, unguwa ƙasa, lambar Kawu da ja. Malam ya ce in raba shi ko'ina. Na raba. Ban taɓa yin abu mai kyau haka ba.

Juma'a, 17 ga Nuwamba
Na nuna ma Kawu bayan an sauko. Ya daɗe yana kallo.
"Wa ke ganin wanga?"
Na ce duniya duka.
"Har na daji?"
Ɓarayin daji ma suna da waya. Ta fi tawa.
Ya ce shekara uku da tsohuwar riga yake zuwa kasuwa don kar a san yana da komi. "Ɗan Rahmatu, shela ka yi da ni."

Asabar, 18 ga Nuwamba
Wani ya kira Kawu, yana tambayar buhu nawa. Bai faɗi suna ba. Wataƙila mai saye ne.
Na cire lambar. Na cire Gatawa. Na cire hoton, don kukar bayan gidan ta fito, kowa ya san ta. Malam ya ce, "Talla ba adireshi, wa zai saya?" Gaskiyarsa.

Talata, 28 ga Nuwamba
Kawu ya karyar da geron, ya kwashe iyali ya koma garin Isa. Ni na ɗauko masa tabarmi da tukwane.
An fidda ukun. Ba ni.
Yau kabu-kabu na wuni. Cajin waya ya kai ni har la'asar, ashe yana daɗewa haka. Shafin na nan, fari fat, kalma guda ta rage: Gero.
Gobe za ni buɗe darasi na gaba. Ko jibi.