Jinin Auta a Firiza

Zuwa ga Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, sanyin can bai kama maka ƙirji ba. Na gan ka a talabijin cikin zauren taron ƙasashe kan rabon magani kana buga tebur, kai da a gida ko tsawa ba ka iya yi wa yara.

Auta na asibiti, zazzaɓin nan ne da ya addabi gari. Ni na ɗebi jininta, ni na auna a ɗakin gwajinmu. Kwalbar na cikin firiza tare da na sauran yara. Masu haɗa rigakafi na ƙasashen waje sun ishe mu da waya, wai mu aika musu. Na san matsayinka: ko ɗigo ba zai fita ba sai sun sa hannu cewa in magani ya samu za a ba mu rabonmu, ba irin wancan karon da muka ba da jini muka koma 'yan kallo ba. Gaskiyarka ce. Amma don Allah ku yi sauri, yarinyar nan ta daina cin abinci.

Matarka,
Maman Auta

Baban Auta,

Ina gaishe ka. Ya jikin naka, ya ƙarin haƙurinmu? Na san da jirage na tashi da ka zo. A waya na kasa magana, shi ya sa na rubuto.

A asibiti ba su bari na taɓa gawar Auta ba. Ni da kullum nake cikin kayan kariya, aka ce uwa ba za ta iya kiyaye ƙa'ida ba. Ta bayan gilashi na ga an ɗauke ta. Ban rufe mata ido ba, ban yi mata wanka ba.

Jiya saƙo ya iso cewa kun sa hannu. Ban ce laifinka ne ba, amma ina jin haushinka, ina kuma kewarka. Kada ka sarara wa masu haɗa rigakafin sai maganin ya zo, gadonta har an kwantar da wata a kai.

Shugabanmu ya ce in tafi gida, wani zai shirya akwatin jinin da za a aika. Na ƙi. Na ɗauko kwalbarta, na goge ta, na naɗe da auduga, na sa a gwangwani, na jera ƙanƙara ta kowane gefe don kada ta jijjiga a hanya. Na raka motar da ta ɗauki akwatin har bakin get.

Iyakar shirin da aka bari na yi wa 'yata ke nan.

Taka,
Maman Auta