Ƙwayar Ƙiba da Fuskar Asibi

Orozo, Agusta 1991

Ƙawata Rita,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da 'yar lelenki Treasure. Yaya mutanen Kafanchan, yaya ƙafar Baba? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat.

Bayan gaisuwa, albishirinki. Maganar da ake ta yi tun muna 'yan mata ta tabbata, gwamnati za ta kwashe kayanta daga Legas ta dawo Abuja kafin shekara ta ƙare. Ofishin su Meshach yana cikin masu tasowa. Mijina zai dawo, Rita! Rabona da shi tun Kirsimetin bara waccan. An ce za a ba su gida a Nyanya, mai famfo a ciki, ni ma in shiga sahun matan ma'aikata.

Ga inda matsalar take. Na aika masa hotona, sai ya rubuto yana zolayata, wai ko duk doyar da nake nomawa kasuwa nake kaiwa. Wasa yake, na san halinsa. Amma surukata ta sa an karanta mata wasiƙar, tun daga ranar ta sa ni gaba. Wai matan Legas za su gan ni kamar sillen kara, su ce ɗanta ba ya ciyar da ni. Ke kuwa kin san jikina, ko tukunya guda na cinye ba ya nunawa.

Bernard mai kemis na bakin kasuwa ya ba ni wata 'yar farar ƙwaya, ya ce ta ƙiba ce, in sha safe da yamma. Tun watan jiya nake sha. Ci nake ba ji ba gani, kumatu sun fito, har surukata ta fara yi mini murmushi. Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba, wasu ƙuraje da suka feso mini a goshi. Kin tuna da can sai al'adata ta kusa suke leƙo ni a haɓa, su gama kwanakinsu su tafi. Waɗannan sun zo da tabarmarsu.

Kada ki yi mini dariya. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Asibi


Orozo, Nuwamba 1991

Rita ƙawata,

Ina gaishe ki da kyau. Na sami wasiƙarki, na gode da faɗan da kika yi mini, ko da yake ban ji ba. Yaya jikin Treasure, zazzaɓin ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni dai ba zan ce miki lafiya lau ba. Ƙurajen sun cinye fuskar, sun gangara wuya da ƙirji da baya, duk girmansu ɗaya, jajaye. Babu abin da ban yi ba. Na goga lemun tsami, na shafa toka, na dirje da soso har fata ta yi jini, na matse su da farce. Duk inda na matse sai ya bar baƙin tabo. Ƙibar ma ba irin wadda na roƙa ba ce. Fuska ta yi zagaye kamar faranti, ciki ya turo, ƙafafu kuwa suna nan a tsotse. Al'adata ta rikice. A coci mata suna kallon cikina suna ƙus-ƙus, alhali kowa ya san inda mijina yake. Wannan ya fi ƙurajen ƙona mini rai.

Shi ya sa na je asibitin mishan, wajen wata nas, Sista Rosemary. Da na nuna mata ƙwayar, sai ta ajiye biro ta shiga yi mini bayani. Ta ce a jikin kowa akwai sinadarai da ake kira homon, su ne masu ba fata umarnin fitar da maiƙo. Idan suka hau, maiƙon ya yi yawa, ƙofofin fata su toshe, ƙuraje su fito. Dalilin da ya sa nake ganinsu gab da al'ada ke nan. Ita kuma ƙwayar Bernard ba ta ƙiba ba ce, magani ne mai ƙarfi da aka kwaikwayo daga wani homon da ake yi a saman ƙoda. Kumburi ne nake ɗauka ƙiba.

Ta hana ni soso da matsa da lemun tsami da man shafawa mai nauyi. Ta ce in wanke fuska da sabulu mara ƙarfi safe da yamma, ta ba ni wani mai in riƙa shafawa kaɗan. Duk wannan na yarda. Abin da ya ba ni haushi shi ne, wai kada in kuskura in daina ƙwayar kai tsaye. Ta ce jikina ya ga ana kawo masa homon daga waje, ya daina yin nasa, sai an rage a hankali kafin ya farka. In na yanke rana ɗaya, jini zai iya faɗuwa, mutum ya tafi ke nan. Har riƙe hannuna ta yi ta maimaita.

Ragewar za ta kai mu bayan sabuwar shekara, ƙurajen kuma sai bayan nan su fara bushewa. Meshach kuwa kafin Kirsimeti zai iso. A hanyar dawowa na ga manyan motoci a Nyanya, shaƙe da tebura da kujerun ofis daga Legas. Ina tsoron ranar da zai sauko daga mota ya dube ni, Rita.

Ki sa ni a addu'a. Gaisuwa ga maigida.

Ƙawarki,
Asibi


Orozo, Disamba 1991

Ƙawata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yin sa.

Na huta, Rita. Ranar Laraba a taron zumuntar mata na kasa daurewa, na fashe da kuka na faɗi komai. Ba wadda ta yi dariya, har masu ƙus-ƙus ɗin suka rungume ni. Shugabarmu, Mama Clara, ta yi mini addu'a mai tsawo. Da na kawo maganar ragewa a hankali, sai ta ce ita ba ta taɓa jin wanda ya tuba rabi-rabi ba. Mashayi in ya bar burkutu, rana ɗaya yake bari. Abin da ka san guba ne, ta yaya za ka ci gaba da haɗiya da sunan magani? Wallahi abin da ke raina ke nan tun ranar da na baro asibiti. Mata suka rako ni gida da waƙa, na juye sauran ƙwayar a masai a gaban idonsu. Ban taɓa jin zuciyata wasai haka ba.

Jikin ne dai yake ɗan gardama. Tun shekaranjiya nake amai, ko kunu ba ya zama. In na miƙe sai duhu ya rufe mini ido, jiya a bakin rijiya aka ɗauko ni. Cikina yana murɗawa, sanyi nake ji da tsakar rana. Mama Clara ta zo duba ni, ta ce gubar ce take fita.

Surukata ce ta tsorata, ita da ta jawo komai. Tun safe take kuka, wai a nemo mota a kai ni wajen Sista. Na ce ba inda za ni. Na san abin da Sista za ta yi, ƙwayar nan za ta mayar mini a baki. Meshach ya aiko cewa ranar Asabar motarsu za ta iso, in ya so bayan ya gan ni sai mu je tare. Yau Talata, ai kamar gobe ne.

Ɗazu na sa an miƙo mini madubi. Ƙurajen haɓa kamar sun fara bushewa, Rita. Ki taya ni murna.

Barci nake ji sosai, zan tsaya a nan. Ki gaida Treasure, ki gaida Baba. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ni ce taki,
Asibi