Santsin Goggo Ba Gari Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Kasuwanci na jami'armu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ɗalibinka ne na ajin ƙarshe, mutumin Kebbe. Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce kana taro. Makon gobe ne zan tsaya gaban malamai in gabatar da tsarin kasuwancina, kuma ina tsoron a ranar a kira ni ɓarawon abin da na rubuta da hannuna. Shi ya sa na fito fili da wagga magana.

Na ɗaya. Kai da kanka ka sanar da mu cewa an buɗe ɗakin taimaka wa ɗalibai kan rubutun kasuwanci da iya gabatarwa, ka ce duk wanda Turancinsa ke ɗingishi ya je. Nawa ba ɗingishi yake ba, rarrafe yake, don haka na je. Kuma ba zan ci amanar gaskiya ba, na ƙaru. Malamin ɗakin ne ya hana ni buɗe jawabi da gaisuwa mai tsawo kamar na je neman aure. Shi ya koya min ɗaga kai in dubi mutane, abin da a gidanmu in ka yi wa babba sai a ce ido ya buɗe. Ya nuna min yadda ake taƙaita shafi guda ya koma layi kaɗan a majigi. Allah ya saka mishi a kan wannan.

Na biyu. Tsarin nawa ba daga littafi na ɗauko shi ba. Duk hutu kabu-kabu nake yi da babur tsakanin Kebbe da Tambuwal, kuma na sha ganin matan rugage da nononsu ya tsinke a ƙwarya kafin su kai kasuwa. Sai na tsara yadda 'yan babur za su riƙa tara madara da sassafe a wurare sanannu, a kai Tambuwal a sarrafa. Cikin wuraren akwai wani kwazazzabo mai tsamiya a bakinsa. Ba shi da suna. Can ne ƙanwar babana ta taɓa zamewa da damina, ƙwarya ta yi gabas, ita ta yi yamma, tun daga ranar yaran gidanmu ke ce wa wurin Santsin Goggo don tsokana. Ko maƙwabtanmu ba su san sunan ba. Da na rasa abin da zan rubuta, sai na sa shi haka, da niyyar in gyara daga baya.

Na uku. Malamin ɗakin ya ce in bar mishi aikin a kwamfutarsa ya duba a tsanake. Na tambaya ko akwai inda zan sa hannu a san na kawo, ya yi dariya, ya ce nan ba ofishin 'yan sanda ba ne. Na ji kunya, na miƙa filash. Da aikin ya dawo, waƙafi kawai aka gyara da 'yan kalmomi, amma ya yi min tambayoyi masu yawa kan hanyoyin da za a bi da lokutan tatsa, yana rubutawa. A lokacin daɗi na ji, na ce ga malami mai son aikin ɗalibi.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyata ta ƙi kwanciya. Makon jiya rukunin farko suka gabatar, mu muna zaune a baya muna koyon darasi. Wani ɗalibi ya tashi, ba zan kama sunansa ba, yaro mai Turanci kamar ruwa, wanda na tabbata ko Dogon Daji da ke bakin titi bai taɓa takawa ba, balle ƙauyukanmu. Ya fara maganar tara madara da babura. Na ce a raina, to, tunani kan zo ɗaya. Ya ambaci Kebbe, na gyara zama. Sai ga shi ɓaro-ɓaro a jikin bango: Santsin Goggo! Wallahi har da cewa gari ne mai yawan jama'a da kasuwar mako, wai ya gana da dattawan garin sun ba shi goyon baya. Innalillahi. Dattawa a kwazazzabo? In ba ƙadangaru ya gana da su ba, ban san da wa ya gana ba. Malamai suka tafa mishi.

Na biyar. Da aka tashi na nufi ɗakin taimakon. Malamin bai ko ɗago ba. Ya ce dabarar kasuwanci ba gadon gidan kowa ba ce, kuma bai tuna ko ya taɓa ganin aikina ba. Ya ba ni shawara, wai don alherina, in sake sabon batu kafin makon gobe, kada a zarge ni da kwafa. Ranka ya daɗe, ta yaya mutumin da bai tuna aikina ba ya san ya yi kama da na wani?

Na san zato zunubi ne. Ban ce malamin ya sayar ba, ban ce ya bayar ba. Mai yiwuwa kwamfutar ce kowa ke taɓawa. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tun ranar nake duban abokan da suka bar nasu aikin a ɗakin nan ina tambayar kaina ko su ma na gaba zai tashi da nasu. Mu 'yan ƙauye ne muka fi zuwa can, don mu ne Turanci ke ba wahala. In haka abin yake, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Raina ya ɓaci, kuma na fi jin zafin cewa da ƙafata na kai kaina.

Dokar sashe ta ce wanda aka kama da kwafa zai faɗi darasin, a kai shi gaban kwamiti. Shi ya riga ni gabatarwa, malaman da suka tafa mishi su ne za su saurare ni. In na faɗi, shekara ce ta tafi, kuma mahaifina ya riga ya gaya wa dangi bana zan gama.

Ga abin da nake roƙo. A duba kwamfutar ɗakin, a ga ranar da aikina ya shiga. A kafa ƙa'idar sa hannu ga duk wanda ya bar rubutunsa, kada a rufe ɗakin, muna buƙatarsa. Sannan kafin ranar tawa a haɗa mu biyu gabanka, a yi mana tambaya guda: ina Santsin Goggo yake, kuma wace ce Goggon? In ya ce ya san hanya, babur ɗina na nan, ni zan zuba mai, ya ja mu mu je mu ci kasuwar.

Ba zan sake batu ba. Na kira gida na ba da labari, Goggo ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi dariya ba, ita da ke dariyar komai. Ta ce in gaya maka ita ta faɗi a wurin nan, kuma faɗuwa ɗaya ta ishi gidanmu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya tsare ka daga zaluntar wanda ba ya da kowa a ofis.

Wassalam.

Naka ɗalibi,
Murtala, daga Kebbe.