Dabarar da na koya wa autarmu ta kayar da ita

Anti, don Allah ki agaza mini, abin nan ya tsaya mini a rai. Karatuna a firamare ya tsaya. A shagon kwafi nake aiki, kuma tsofaffin takardun jarrabawar Turanci ne suka fi zuwa hannuna. Injinmu ba shi da sauri, to kafin ya fito da takarda sai in riƙa dubawa. Wata shida ina lura: duk tambayar da aka sa waƙafi mai ruwa cikin zaɓi, wato ɗigon nan da ke bisa waƙafi, galibi shi ne amsa. Har ƙirgawa na yi a bayan kwali, bakwai cikin goma.

Da autarmu ta koka cewa ba ta gane bayanin malaminsu a wannan babin, na ce ta huta, duk inda ta ga alamar ta zaɓa. Ta yarda, don ba ta taɓa musa mini ba. Har farfesan kwafi take kirana.

Sakamako ya fito, maki huɗu suka hana ta ci. Irin tambayoyin shida aka yi, duk ta bi dabarata, ɗaya kawai ta samu daidai. Umma ta ce wasa ta sa a gaba, ta karɓe wayarta. Yarinyar ba ta ambaci sunana ba. Yanzu in na shigo sai ta gaishe ni ta shige ɗaki, tsokanar ma ta daina. In faɗa wa Umma? Tsorona kar in zube a idonta.

Mai injin kwafi

Ƙanena, niyyarka mai kyau ce, kuma idon da ya yi wata shida yana ƙirga ba na rago ba ne. Sai dai ka ƙirga amsoshi, ba ka nemi dalilinsu ba, masu shirya jarrabawa kuwa sun san da masu irin wayonka. Ita ma auta da nata laifin, da ta koma ta sake tambayar malaminta.

Dalilin ga shi: a rufe alamar da yatsa, a karanta hagu, a karanta dama. In kowane ɓangare ya tsaya da kansa a matsayin cikakkiyar jimla, alamar ta zauna. In ɗaya ya gaza, ba wurinta ba ne.

Ka sami Umma yau, a gaban auta, ka faɗi abin da ka yi. Za ta yi faɗa, ya wuce. Yarinyar ta rufa maka asiri, kai ne babba, ka sauke mata. Sannan ka kwafo tsofaffin takardun ku zauna tare, wannan karon ita ce malama. Allah ya ba ta sa'a, ya dawo maka da sunanka na farfesa.