Abin da na gani a hannun Kande

Talata, 8 ga Fabrairu, 1977

Yau da hantsi na wanke gawar Kande, matar mai gadin tashar jirgi. Allah ya jiƙanta. Shekara goma sha tara ke nan ni nake wa matan unguwar nan wankan ƙarshe, ban taɓa ganin irin wannan ba. Daga wuyan hannu har gwiwar hannu fata ta saɓule, duk gyambo, farata sun yi baƙi. Ga wani wari kamar kananzir. Na sa magarya sau uku, na sa kafur, bai fita ba.

Uwar mijinta ta ce ciwon ciki ne da farfaɗiya. Na ce Allah ya sa ta huta.

Abin da mai wanka ta gani amana ne, ba a faɗa. Shin rubutawa ma faɗa ce? Takarda dai ba mutum ba ce. Allah ya yafe mini.

Asabar, 12 ga Fabrairu

Siton citta na bayan tasha ya ƙara ɗaukar mata, an ce sun kai hamsin. Can Kande take aiki. Motoci na ta sauke citta daga Kwoi, mata na barbaɗa mata wata farar hoda ta kashe ƙwari suna cuɗawa da hannu, a ɗura a buhu, jirgi ya kwasa. Rediyo sai cewa yake ƙasa ta samu ci gaba. Gaskiya dai maƙwabciyata Lai'atu ta cire ciyawa ta rufa ɗakinta da kwano, wata huɗu da fara aiki. Ta kawo mini farfesun kaza don murna, ta ce, "Malama, ki ci ba tsoro, mahaucinku ne ya yanka shi."

Alhamis, 3 ga Maris

Yau na wanke Uwani, ita ma 'yar sito. Da cikin wata bakwai. Hannu iri ɗaya, wari iri ɗaya. Satin Mauludi ne, yara na ta yabo a waje, ni ina ɗaure likkafani.

Ban ci abinci ba.

Litinin, 7 ga Maris

Sista Angelina ta asibiti ta zo bayan azahar. Mutumiyar kirki, ta cire takalmi tun daga zaure. Mun daɗe muna gaisuwa kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ta ce mata uku 'yan cocinsu sun mutu cikin wata biyu, duk 'yan sito, duk an kai su ƙauye an binne ba ta gani ba. Namu kuma kafin labari ya iso ta an yi jana'iza. Masu rai ba sa zuwa asibiti, domin Helma Martins, shugaban leburorin siton, yana sallamar duk wadda aka gani da katin asibiti ko miki a jiki. Shi ya sa suke sa riga mai dogon hannu cikin wannan zafi. Duba-gari ya ce mata ba zai taka sito ba sai da shaidar wanda ya gani da ido.

"Mama, ke kaɗai kike ganin su ba riga."

Na ce ban ga komai ba. A'a, ba haka na ce ba, da na yi ƙarya. Cewa na yi, "'Yata, abin da ke tsakanina da mamaci ba nawa ba ne balle in bayar."

Ta ce, "Su masu rai fa, na wa ne?"

Na raka ta ƙofa. Na ba ta goro, ba ta ci amma ta karɓa.

Laraba, 9 ga Maris

Na tambayi Malam, maigidana, a kaikaice, yana shan fura. Na ce idan wata mai wanka ta ga abu a jikin mamaciya, kuma abin nan yana iya kama wasu. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce alheri ake faɗa, aibi a rufe, wadda ta rufa Allah zai rufa mata. Sai ya dube ni ya ce, "Wannan matar da kike faɗa, ki ce mata ta tsaya inda aka ajiye ta. Mutane na miƙa mata 'ya'yansu ne don sun san bakinta."

Na ɗauke ƙwaryar furar. Amma har na gama wanke-wanke ina tunani. Wannan aibin Kande ne? Ita ta yi wa kanta?

Juma'a, 11 ga Maris

Sauka nake son yi kafin damina, yau izu ɗaya ya gagare ni.

Lahadi, 20 ga Maris

Lai'atu ta dawo daga sujada a coci ta shigo jan ruwa a rijiyarmu. Tana ɗaga guga hannun rigarta ya zame. Na gani. Ta ga na gani.

Ta ja rigar da sauri tana dariya. "Malama, ki cire ido a kaina. Ni ba ke za ki wanke ni ba, zumuntar matan cocinmu ne za su yi."

Na ce, "Maman Mildred, tun yaushe?"

Ta ce tun Kirsimeti. Kuma da rana kanta yana juyawa, miyau na zuba. Na ce ta bar aikin. Dariyar ta ɗauke. Mijinta ya rasu shekara uku, gonarsa 'yan'uwa sun raba. "In na bari, in koma ina? Don Allah kar ki gaya ma Sista. Za ta rubuta, Helma zai kore ni. Ubangiji yana gani ai."

Ban yi mata alkawari ba. Ban kuma ce ba zan yi ba. Na ba ta man kaɗanya. Man kaɗanya!

Talata, 29 ga Maris

Lai'atu ta faɗi a sito, tana shure-shure, kumfa a baki. An ce Helma ya sa aka fito da ita ta ƙofar baya aka kwantar gindin mangwaro, wai kada a ce a ciki ne. A baro aka kai ta asibiti. Na je. Ba ta gane ni ba. Numfashinta kamar ana jan buhu a ƙasa.

Laraba, 30 ga Maris

Na yi.

Bayan asuba na yi alwala, na sa gyale, na ce wa Malam za ni dubiya. Dubiyar na je, amma ba ita kaɗai ba. Sista Angelina ta kira duba-gari ofishinta. Na faɗi sunan Kande, na faɗi na Uwani, da rana, da abin da na gani, gaɓa-gaɓa. Ya so ya ƙara cewa har ƙirji, na ce a'a, iyaka gwiwar hannu, kada ya rubuta abin da ban gani ba. Na dangwala yatsa.

Gaban namiji baƙo na kwance likkafanin mata biyu da bakina. Ku yafe ni, Kande. Uwani.

Da na dawo na gaya wa Malam duka. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Alhamis, 14 ga Afrilu

An rufe sito kwana goma, jiya aka buɗe. Sun kawo maza daga wani gari, da safar roba da ƙyalle a hanci. Mata duka an sallame su, hamsin da biyu. Ashe safar tana nan ana sayarwa.

Kowa ya san ni ce. A kasuwa mai daddawa ta ce, ba ni take kallo ba, "Yanzu ko mutuwa mutum zai yi sai ya duba wa zai wanke shi."

Uwar mijin Kande ta aiko da cewa ba ta yafe ba.

Litinin, 25 ga Afrilu

An sallamo Lai'atu. Tana tafiya, amma hannun dama yana karkarwa, ba ta iya riƙe ludayi. Na kai mata kunu. Ta ce wa 'yarta ta karɓa ta ajiye. Har na juya sai ta ce, "Malama, kin cece ni. To yanzu me zan ci?"

Na fito. An ce za ta koma Kwoi wurin ƙaninta kafin shuka.

Juma'a, 6 ga Mayu

Tsohuwa Ta-Sallah ta rasu, gida huɗu tsakaninmu. Da na ji salati na ɗauko kwandona, magarya, kafur, allura da zare, na zauna ina jiran aike. Har aka fita da makara. Wata suka ɗauko daga ƙetaren layin dogo. Na mayar da kwandon bisa randa.

Malam ya ce in tuba, ƙofa a buɗe take. Ina istigfari safe da yamma. Sai dai tuba ba ta inganta sai da nadama, haka aka karantar da mu. Na duba zuciyata da kyau, yadda nake duba tsakanin yatsu. Baƙin ciki yana nan. Kunya tana nan. Nadamar ce ban samu ba. Wataƙila gobe.

Sista Angelina ta aiko. Wai matan da ke fasa dutse a hanyar Kagoro suna tari har da jini, kuma ba za su buɗe mata baki ba, ko zan raka ta ranar Litinin in yi musu magana. Na ce ni wace ce, ba aikina ba ne.

Na dai tambayi ƙarfe nawa motar ke tashi.